Madarar kwali da nonon ruga: abin da na gani a Zariya

A tsakiyar damina na tashi daga Kano zuwa Zariya, lokacin da masara ta yi goyo. Daga Kwanar Ɗangora har Tashar Yari duk inda ido ya sauka kore ne shar, shanu sun yi ɓul-ɓul, kuma kusan kowace mararraba za ka ga matan Fulani a jere, ƙwarya bisa gammo, an rufe da faifai. Direbanmu ya ce yanzu ne lokacin mai son nono, domin an fi ba da shi da yawa a kuɗi kaɗan. A Kwangila na sauka, na hau Keke Napep zuwa Samaru, gidan yayata. Mijinta likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, kowa a unguwar Dakta yake ce masa, ni ma haka nake kiransa.

Na tarar babu wuta tun safe, firji ya huce. Da aka kawo shayi bayan magariba sai Yaya ta buɗe kabad ɗin falo, ta ɗauko kwalin madarar ruwa, ta yanke bakinsa ta tsiyaya mini. Na ce, "Yaya, madarar ruwa a kabad? Tun yaushe take nan?" Ta ce tun kafin babbar salla aka sayo. Na shinshina, lafiya lau. A unguwarmu mutane da yawa ba sa yarda da irin wannan madara, suna cewa ba yadda za a yi nono ya yi watanni bai yi tsami ba sai an zuba masa magani. Na faɗi haka, sai 'yar Yaya, wadda ke karanta kimiyyar abinci a Jami'ar Ahmadu Bello, ta jawo kujera ta ce, "Kawu, wuta ce kawai, babu wani magani."

Ta nuna mini haruffa uku a jikin kwalin, UHT. Ta ce ana tura madarar cikin siraran bututun ƙarfe, a kai zafinta digiri 135 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, na sakan 2 zuwa 5, sannan nan take a sanyaya ta. Na ce ai ruwa a digiri 100 yake tafasa, ina aka samo sauran? Ta ce a rufe ake yin aikin, ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, shi ya sa madarar ke wuce 100 ba tare da ta tafasa ta yi ambaliya ba. Wasu injinan tururi suke harbawa cikin madarar kai tsaye, daga baya su zuƙe ruwan da ya ƙaru, wasu kuma ta jikin ƙarfe zafin ke ratsawa. Dalilin wannan zafi duka shi ne wasu ƙwayoyin cuta da idan suka ji wuya sukan dunƙule cikin ɓawo mai tauri, su kwanta, su jira. Tafasa ta gida ba ta gamawa da su. Ita ma ɗumamawar da ake dangantawa da Louis Pasteur, masanin Faransa da ya yi gwaje-gwajensa a shekarun 1860, ba ta gamawa da su. A waccan hanya digiri 72 ake kai madara na sakan 15, ko 63 na rabin awa, abin da ke kashe masu sa cuta amma ya bar masu ɓawon, don haka dole ta zauna a firji kuma kwanaki kaɗan take yi. Gajartar lokacin a hanyar UHT kuwa, a cewarta, ita ce ke ceton madarar kanta, domin da za a daɗe a wannan zafi da ta yi ja ta yi ƙauri.

Da kwalin ya ƙare ta ɗauko almakashi ta farke shi biyu, ta ɗauraye, ta miƙo mini ƙarƙashin fitilar caji. Cikinsa na ƙyalli kamar azurfa. Da farce ta ɓanɓaro gefen, sai ga shi hawa-hawa: leda a ciki, falle na alminiyam da bai kai kaurin gashin kai ba, wata ledar, takarda mai kauri da ke riƙe tsayuwar kwalin, sai leda ta waje. Alminiyam ɗin shi ke tare haske da iska. Ta ce rabin aikin a nan yake, domin ko an kashe komai a madara, in aka zuba ta a mazubin da iska ta taɓa an koma gidan jiya. Saboda haka takardar ma sai an wanke ta da ruwan haidurojin faroksaid, an busar da iska mai zafi, sannan a naɗe ta, a cika, a liƙe, duk a cikin inji rufaffe da hannun mutum ba ya shiga. Kamfanin Tetra Pak na ƙasar Suwidin, wanda Ruben Rausing ya kafa a 1951, shi ya fito da wannan irin cikawa a 1961. Tun daga nan madara ke iya yin wata 6 zuwa 9 a ajiye ba sanyi. A Faransa da Sifen yawancin madarar da ake sha irin wannan ce, a Ingila da Amurka kuwa sun fi son ta firji.

Na tambaye ta ko wutar ba ta cinye amfanin ba. Ta ce furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi suna nan yadda suke, wasu bitamin ne ke ɗan raguwa, kuma ɗanɗanon dahuwa da nake ji daga sukarin madarar ne da furotin idan zafi ya haɗa su. Yaya kuma ta sa baki da abin da ya fi damunta a matsayinta na uwa: da zarar an yanke bakin kwali alkawarin watannin nan ya ƙare, ta zama kamar kowace madara. In akwai firji kwana biyu-uku, in babu a shanye a ranar. Kuma ba abincin jariri ba ce, nonon uwa zalla ake so har wata 6.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari da wannan magana a kaina, sai na ga ashe duk madarar da talaka ke saye a ƙasar nan mai jure rashin wuta ce. Ga ta gwangwani, wadda ake ƙafar da fiye da rabin ruwanta, a rufe gwangwanin, a dafa shi a rufe. Madarar Peak tun 1954 take a Najeriya, kakanninmu sun sha. Ga ta gari a buhu ana aunawa da gwangwani da mudu. Ga ƙananan ledoji irin waɗanda Cowbell ta fara yayatawa a 1993, a rataye reras a kowane teburin mai shayi. Ta kwali kuwa tana can sama a kantuna, masu saye ba su da yawa. Wani mai kanti ya ce mini, "Alhaji, wannan ai ruwa kake saye da kuɗin mota. Buhun gari guda ya fi katan nawa." Gaskiya ya faɗa, kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma kowace lita sai an biya kuɗin ɗaukarta. Ya ƙara da cewa shi ba ya yarda a ajiye masa katan a rana, kuma duk kwalin da ya kumbura ko ya huje gefe yake sa shi, domin alama ce iska ta shiga. Na tsaya ina karanta jikin ledoji da kwalaye. Da yawa an rubuta cewa an cire man madarar an maye shi da man itatuwa, wasu na ruwan kuma daga gari aka dama su kafin a yi musu waccan wutar. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, a rubuce yake, sai dai ba kowa ke dubawa ba.

Da la'asar na ratsa ta Tudun Wada na shiga birni ta Ƙofar Doka, na yi salla a masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim. Da na fito na sha fura da nono a gindin wata bishiya, mai sayarwa ta dama da ludayi, ta sa mini kindirmo mai kauri. Ina sha ina tunanin cewa a gari ɗaya, a rana ɗaya, na sha madarar da wataƙila saniyar da ta ba da ita tana wata nahiya, na kuma sha wadda aka tatsa jiya a bayan gari.

Da na faɗa wa Dakta haka da dare, ya ce in shirya da asuba. Muka ɗauki hanyar Funtuwa. A Shika ya rage gudu ya nuna mini filayen cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, wadda ke ƙarƙashin jami'ar. Tun 1928 Turawa suka kafa gonar shanu a wurin, a 1976 ta zama cibiyar ƙasa. A nan aka fitar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, a nan kuma aka daɗe ana haɗa farar saniyarmu Bunaji da bijimin Turai mai baƙi da fari, don a samu 'ya'yan da za su ba da nono da yawa kuma su jure zafi da kaska. Dakta ya ce Bunaji a hannun makiyayi da wuya ta wuce lita 1 zuwa 2 a rana bayan abin da maraƙi ya sha, alhali saniyar Turai a ƙasarsu tana ba da 20 zuwa 30. Amma ya ce kada in raina ta, domin ita ce ke tafiya mai nisa a rani, ta ci tattaka, ta kuma rayu inda ta Turai za ta faɗi.

Gaba kaɗan wajen Giwa muka saki kwalta. Hanyar ta caɓe, sau da yawa sai na sauka ya lallaɓa motar, daga ƙarshe muka ajiye ta muka ƙarasa a ƙafa. Ardon rugar tsohon saninsa ne, shekaru ya yi yana duba musu shanu. Bayan gaisuwa da tambayar dabbobi, aka shimfiɗa mana tabarma kusa da garke.

Maruƙa suna ɗaure a dangwali tun dare, suna ta kuka. Wani saurayi ya kwance guda, ya ruga wajen uwarsa, ya kama nono yana tunkuɗa da ka. Sai da bakinsa ya yi kumfa, alamar nono ya sauko, sannan saurayin ya janye shi ya ɗaure kusa da ƙafar uwar ta gaba, inda za ta riƙa lasarsa. Ya ɗaure mata ƙafafun baya, ya tsuguna, ya matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa, ya fara tatsa da hannu biyu, tsit-tsit, har kumfa ta taso. Bai tatse duka ba, ya saki maraƙin ya ƙarasa. Dakta ya raɗa mini cewa irin shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu, shi ya sa injin tatsa ba ya musu daɗi kamar na Turai. Daga kowace saniya abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, amma da aka zagaye garken sai ga manyan ƙorai sun cika, aka kai wa mata.

Uwargidan Ardo, wadda Dakta ke kira Inna, ta tace madarar da ƙyalle, ta ɗora a wuta. Dakta ya ji daɗin ganin haka, domin ya daɗe yana yi musu nasiha kan ɗanyar madara, saboda tarin fuka na shanu da ciwon bakkale mai sa saniya ɓari, waɗanda duk suna iya kama mutum. In ta huce, Inna za ta zuba ɗan nonon jiya a ciki, ta rufe, ya kwana, da safe ya zama kindirmo. Wani kuma a kaɗa shi a gora har mai ya fito, a cure shi curi-curi, abin da ya saura shi ne tsala. Man in aka soya shi yakan yi watanni. Can arewa, wajen Nijar, har busar da shi suke yi ya zama cukwi. Kowace daga cikin waɗannan dabara ce ta hana madara lalacewa inda babu sanyi, kuma iyayen Inna sun san su tun kafin a ƙera injin farko. Sai dai kindirmo kwana kaɗan yake yi kafin ya yi tsami ya tsinke.

Na ce, "Inna, yaya kasuwa?" Ta ce, "Ɗan nan, kasuwar damina ai wahala ce. Kowa na da nono, kowa ya kai. In yamma ta yi ba ka sayar ba, ko ka bayar yadda aka taya ko ka dawo da shi." Da rani kuwa, in ciyawa ta bushe kuma samari sun yi kudu da yawancin shanun, abin da ake tatsa ko gida ba ya isa. Ta ce lokacin ne za ka ga ana sirka nono da ruwan kuka, wasu matan ma garin madara suke saye a kasuwa su kwaɓa su yi nonon sayarwa da shi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Garin da aka shigo da shi ta jirgin ruwa ya bi hanya har ya shiga ƙwaryar Bafulatana, a ƙasar da watanni kaɗan kafin nan nono ke neman mai saye.

A nan ne na ga inda kwalin nan zai yi mana rana. Abu ne da zai iya ɗaukar nonon Agusta ya kai shi Maris, ya ɗauki na Giwa ya kai shi makarantar ƙauyen da ba ta taɓa ganin wutar lantarki ba. Kenya ta yi haka, a 1979 gwamnatin Daniel arap Moi ta fara raba wa 'yan firamare madarar kwali kyauta. Na faɗa wa Dakta, ya girgiza kai ya ce injin ba shi ne matsalar ba. Ya nuna ƙwaryar da ke gabanmu ya ce daga lokacin da aka tatsa agogo ya fara gudu. Madara na fita daga jikin saniya da ɗumi, kuma ƙwayoyin da suka faɗa mata daga hannu, da ƙwarya, da ƙuda, ninkuwa suke yi. Cikin awa biyu zuwa huɗu ake so a sauko da ita digiri 4. In ta wuce haka ta fara tsami, da an sa ta a injin mai zafi sai ta guntse ta toshe bututu. Ko ba ta yi tsami ba, wasu ƙwayoyin kan bar sinadaran da zafin 135 ma ba ya kashe su, sai bayan watanni a buɗe kwali a tarar madara ta yi ɗaci ko ta daskare. Saboda haka kamfani ba ya karɓa sai ya gwada: a ɗiga mata sinadari a ga ko za ta guntse, a tsoma ma'auni a ga ko an ƙara ruwa. Ya ce in tuna hanyar da muka biyo, in ƙiyasta babur ɗauke da jarkoki a cikin wannan taɓo, daga ruga goma, kowace da 'yar litarta. Shi ya sa ya fi wa kamfani sauƙi ya sayo gari daga waje ya dama, kuma shi ya sa mafi yawan madarar da masana'antunmu ke sarrafawa ba daga shanunmu take ba.

Ba wai ba a motsa ba. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya tayar da maganar hana dala ga masu shigo da madara don kamfanoni su koma neman ta gida. A 2023 kamfanin Arla na Danmak, masu Dano, ya buɗe gonar shanun madara a Damau, ƙaramar hukumar Kubau, a nan jihar Kaduna. A 2024 aka kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya. Ina maraba da duk wannan, amma ni abin da idona ya gani a rugar nan ya fi karkata ni ga hanyar Indiya. Su ba da manyan gonaki suka zama na ɗaya a duniya wajen madara ba. Ƙungiyar manoma ce ta fara a garin Anand a 1946, daga 1970 aka yaɗa tsarin a ƙasar: mai saniya ɗaya ko biyu ya kawo 'yar litarsa safe da yamma wurin tattarawa na ƙauye, a auna, a gwada mai, a biya shi, a sanyaya. Zariya na da masana a Samaru da Shika, tana da shanu ta kowace kusurwa, tana kan mahaɗar hanyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos. Tankin sanyi mai aiki da sola a tazarar da mace za ta iya takawa kafin rana ta ɗaga, da hanyar da babur zai bi a damina, su ne abin da na ga babu.

Inna na jin mu tana goge ƙorai. Da Dakta ya fassara mata abin da ba ta kama ba, ba ta tambayi zafin injin ko watannin kwali ba. Ta ce, "Likita, kuɗin hannun wa zai shiga?" A al'adarsu shanu na maigida ne, amma nonon da aka tatsa na mata ne, da shi suke sayen gishiri da kayan miya da sabulu, da shi suke tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Dakta ya ce tambayar tana kan hanya, domin inda aka rubuta sunan mai shanu a rajistar wurin tattarawa, kuɗin aljihun namiji yake komawa, mace ta rasa nonon ta rasa kuɗin. Ardo ya yi murmushi bai ce komai ba. Inna ta ce in dai za a kawo tankin ita za ta fara kai nata, amma da sharaɗi: a rubuta sunanta, a biya ta a hannunta duk ranar kasuwa, kada a ce mata tanki ya cika in damina ta yi tsakiya, kuma za ta riƙa rage ƙwarya guda saboda masu sayen kindirmonta na Samaru da suka saba da ita shekara da shekaru.